Kwana Ukun da Baba Ya Kashe Wutar Banda

Na yi shekara biyu da 'yan watanni ina aiki a Kano, kuma a tsawon lokacin nan ban taɓa gaya wa kowa cewa bandar kifi mahaifina yake yi ba. In an tambaye ni sai in ce ɗan kasuwa ne a Haɗejiya. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tunda duk Lahadi yana kai kaya kasuwa. Da wannan nake lallashin kaina.

Gidanmu yana ta wajen da ake gangarawa kogi. A bayan gidan Baba yake da bandarsa guda huɗu, ginin laka, an shimfiɗa waya a kan kowace. Da sassafe masunta suke kawo masa kifi daga wajen Baturiya, tarwaɗa da karfasa, ya fede ya wanke, ya lanƙwasa tarwaɗar ya haɗa kai da wutsiya ya soke da tsinke, sannan ya jera. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin wutar nan ta mutu gaba ɗaya ba, in ɗaya ta huce to ɗaya tana ci. Hayaƙin yana cikin komai namu, katifa, littafin makaranta, hijabin Islamiyya, har ruwan randa. A makarantar kwana wata yarinya ta fara sanar da ni cewa akwatina yana warin kifi. Na kai hancina na shinshina ban ji komai ba. Na yarda da ita dai, domin ba ita kaɗai ta faɗa ba, amma ni hancina bai taɓa kama shi ba, a cikinsa aka haife ni.

A Kano aikin karɓar baƙi na samu a wani asibitin ido. Na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa da take ba 'yan mata ma'aikata haya, mu biyu a ɗaki, ƙarfe goma ana kulle ƙofar gida. Abokiyar zamana 'yar Kaduna ce, nas, mai baki kamar rediyo, kuma ita ta koya mini birni. Ran da na sauka ta zazzage jakata a kan gado tana ɗaga kayana ɗaya bayan ɗaya da 'yan yatsu biyu.

“Wannan ɗinkin wa ya yi miki shi, maƙiyinki?”

Asabar ta farko ta ja ni kasuwar Kwari. A can na gane cewa atamfa suna suka tara, kuma akwai wadda in kika sa mata za su dubi gefen zanen kafin su dubi fuskarki. Na koyi taya kaya ina yatsina fuska, na koyi barin shago don a kira ni in dawo. Na ajiye dogon hijabi sai ranar Juma'a, na koma mayafi wanda kalarsa dole ta hau da takalmi da jaka. Da yamma in mun tashi aiki mukan fita, mu zauna a wajen shawarma ko wajen ayis kirim, a kawo abinci a hana kowa taɓawa sai an ɗauki hotonsa. Ƙarshen mako kuwa ba a rasa dina. Na sha sa ankon amaryar da ban san sunanta ba sai da na karanta a jikin kati. Ba zan ce ban ji daɗin wannan rayuwa ba, na ji. Ina son fitilun titi, ina son in shiga wuri a juyo a kalle ni.

Ƙarshen kowane wata Inna takan ba direban motar haya saƙona. Kwali ne ɗaure da igiya tam, Baba ya rubuta sunana a kai da ajami. Direba ya kira ni, in hau adaidaita in je tasha in karɓo, in riƙe shi nesa da jikina har gida. Ban taɓa shiga da shi ɗaki ba. A ƙofar gida nake miƙa wa matar maigadi, ita kuma ta yi ta sa mini albarka har in ji kunya. Bayan magariba Inna ta kira.

“Saƙon ya iso?”

“Ya iso, Inna.”

“Babanki da kansa ya zaɓa, duk wanda ya karye ya cire. Ki dinga sawa a miya, kin rame a hoton nan.”

Sai in ce to, ya yi daɗi, a gode wa Baba.

Akwai wani saurayi da yake nemana, a asibitin muka haɗu, ya zo karɓar wa mahaifiyarsa tabarau. Gidansu tayil da kayan gini suke sayarwa. Yana da farar mota da kullum take ƙamshi, yana magana a hankali, yana yawan kallon waya. Ba shi da wani aibu da zan iya nunawa. Yakan zo bayan la'asar ya ɗauke ni mu zaga gari, mu ci wani abu, ya dawo da ni kafin dattijuwa ta sa kwaɗo. Ina son sa, kuma ina son rayuwar da nake hangowa ta gilashin motarsa, har yau ban iya raba biyun ba. Da ya tambaye ni gida na ba shi amsar da nake ba kowa, bai ƙara tambaya ba. Bayan wata takwas ya ce zai je Haɗejiya ya gaida iyayena kafin manya su shigo maganar, muka tsayar da wata Asabar. Kafin nan akwai bikin ƙanwarsa, ya ce a wajen dina Hajiyarsa take so ta gan ni.

Ankon leshi ne ruwan zuma. Sai da muka yi awa uku a Kwari ni da 'yar Kaduna muna yawo da ɗan ƙyallensa a hannu, muna kara shi a jikin mayafai, wannan ya yi duhu, wancan ya yi haske, har ƙafata ta yi ƙuna kafin mu dace. Tela ya ja mini rai kamar yadda suka saba, ranar Talata ya ba ni. Na gwada sau biyu a gaban madubi, na rataye a durowa tare da mayafin. A daren 'yar Kaduna ta tafi gida hutu, sai Lahadi za ta dawo.

Laraba kwalin Inna ya iso. Na dawo da shi daga tasha na tarar matar maigadi ta tafi ƙauyensu suna. Ina tsaye a tsakar gida da kwali a hannu wayata ta yi ƙara, shi ne, wai ga su nan sun shigo layinmu da amaryar, za ta shigo ta ba ni kati da hannunta. Ban yi dogon tunani ba. Na ruga ɗaki na buɗe durowa na tura kwalin can ƙasa, na lulluɓe da tsohon zane na rufe. Amarya ta shigo ta yi minti biyar, ta yaba labulenmu ta tafi.

Da na so da na fitar da shi a daren. Amma ban san inda zan kai shi ba, duk wadda na ba a gidan sai ta tambayi daga ina. Na ce bari matar maigadi ta dawo. Lokacin ƙarshen damina ne, ruwa ya ɗauke, zafin nan mai danshi ya sauko, ga babu wutar lantarki. Kwana uku leshina yana rataye a saman tarwaɗar Baba, durowa a rufe.

Ranar Asabar na fito da kayan na shinshina, don ban manta makarantar kwana ba. Ban ji komai ba. Duk da haka na hura garwashi na zuba turaren wutan da Inna take haɗawa da kanta, na kifa kabbasa na baza kayan a kai suka sha hayaƙi, na bi da humra. Mai kwalliya da ta zo tana shafa mini hoda ta ɗan tsaya ta ɗaga hanci.

“Anti, miya ake yi a gidan nan?”

Na ce maƙwabta ne. Da gaske kuma haka na ɗauka.

Shi ya aiko mota ta ɗauke ni, tunda yana can cikin hidima. Zauren bikin an cika shi da fitilu da fararen furanni na roba, sanyin na'ura har yana shiga ƙashi. Aka zaunar da ni teburin ƙawayen amarya, dukanmu ruwan zuma. Ta kusa da ni ta gaishe ni da fara'a, jim kaɗan ta ja kujerarta gefe tana gyara jaka. Wata ta kira mai raba abinci ta tambaye shi ko an fara kawo farfesun kifi ne, ya ce kaza ce yau. Ni ina zaune ina murmushi ana ɗaukar mu hoto, ban kawo komai a raina ba.

Bayan an yanka kek ya zo ya ce in taso. Hajiya tana teburin gaba cikin ƙawayenta, farar dattijuwa mai jiki, sanye da tabaran da ni na miƙa wa ɗanta a kwali wata takwas baya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta jawo ni kusa don kiɗa ya yi yawa, sai na ga ta tsaya ta ja numfashi, ta sake ja.

“Ikon Allah. 'Yata, wannan ai bandar gabas ce. Tarwaɗa ce wannan.” Fuskarta duk ta washe. “Rabon da in ji ƙamshin nan tun ina yarinya a gidan kakata. A gidanku ake yi?”

A wannan lokacin na gane mai kwalliya, na gane kujerar da aka ja, na gane farfesu. Na ji kamar kowa a zauren ni yake kallo, alhali kowa amarya yake kallo.

Na ce, “A'a Hajiya, a adaidaita ne, na hau da wata mai kwalin kifi.”

Shi kuwa yana tsaye a kaina, shi da ya aiko motar da ta kawo ni.

Hajiya ba ta saki hannuna ba. Ta dube ni ta saman tabarau, har yanzu da sauran murmushinta.

“Ba 'yar Haɗejiya aka ce mini ba? Me mahaifin naki yake sayarwa?”

“Kayan masarufi, Hajiya.”

Ta saki hannuna ta ce Allah ya yi albarka, ta juya wajen ta kusa da ita. Shi ya mayar da ni gida da kansa ƙarfe goma saura kwata. Bai ce komai a kan maganar ba, ni ma ban ce ba. Hira muka yi a kan mawaƙin da aka ɗauko da yadda ya cika surutu, gilashin ɓangarensa a sauke har muka iso.

Lahadi 'yar Kaduna ta dawo, tana buɗe ƙofa ta ja da baya ta toshe hanci ta ce me ya mutu a ɗakin nan. Dole na fito da kwalin na gaya mata komai, tun daga banda huɗu har teburin Hajiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta gama ta yanke igiyar, ta ɓare tarwaɗa ɗaya ta ci haka nan ba miya, ta ce ita tunda take ba ta taɓa cin irinsa ba, kuma Allah ya isa tsakaninta da matar maigadi. Sannan ta daina dariya.

“Ki kira shi yanzu ki gaya masa. Kifi ne fa, ba sata ba.”

Na ce zan kira. Ban kira ba. Ya ci gaba da zuwa, sai dai ba kullum ba, kuma bai ce an fasa Asabar ɗin Haɗejiya ba. Na ɗauka abin ya wuce. Lissafin da na yi shi ne, in ya je ya ga gida tsaf, ya ga dattijo cikin farar riga, to sauran bayani zai zo da sauƙi daga baya.

Na ɗauki hutu na tafi gida ranar Laraba ta hanyar Kafin Hausa. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, ko'ina ka duba mutane ne a cikin taɓo suna kamun kifi da koma da gora. Wanda ya san garinmu ya san waɗannan makonnin ne Baba yake yin aikin da ke riƙe gidan har wata shekara. Na tarar da bandar huɗu duk suna ci, kifi a daro yana jiran layi. Da na huta na sami Inna a madafa na ce mata ina so a kashe wutar har baƙi su zo su tafi, a wanke zaure, a kawar da kwalaye.

Inna ta ajiye muciya ta dube ni.

“Ruwa fa janyewa yake yi.”

“Kwana uku ne kawai, Inna.”

“Su mutanen ba su san sana'ar gidan da za su nemi aure ba ne?”

Na ce sun sani, kawai dai 'yan birni ne, hayaƙi yana damun su. Bayan magariba na ji ta tana gaya wa Baba a hankali a ƙofar ɗakinsa.

Alhamis da asuba masunta suka zo ya tura su gidan maƙwabcinsa. Ya gama wanda yake kan waya, ya janye itacen ɗaya bayan ɗaya ya turbuɗa a ƙasa. Kafin azahar bayan gidanmu ya yi fayau, ina hango bishiyoyin bakin kogi da ban san ana ganin su daga nan ba. Aka shafe zaure da farar ƙasa, aka sayo sabuwar tabarma, Inna tana turare safe da yamma. Baba ya rasa abin yi da kansa. Ya zauna a ƙofar gida, ya tashi ya leƙa bandar, ya dawo ya zauna. Juma'a da yamma na gan shi a gindin randa yana dirje hannuwansa da toka da lemon tsami, yana shinshinawa yana sake dirjewa. Shi ma hancinsa irin nawa ne, ba abin da zai ji, sai ya miƙa wa Inna ta shinshina masa, ita ma ta ce ba ta ji komai ba.

Asabar tun da hantsi ya sa farar shaddarsa ta Sallah ya zauna a zaure. Inna ta yi shinkafa da miyar kaza, a Haɗejiya, a lokacin kifi. Ni na sa sabuwar abayar da na saya takanas don ranar. Azahar ta yi, Baba ya je masallaci ya dawo da sauri ko addu'a bai tsaya ba. Duk motar da ta wuce sai ya gyara zaman hularsa. Na kira waya ba a ɗauka ba. La'asar ta wuce, abinci ya huce aka ɗumama. Rana ta yi sanyi saƙo ya shigo, wai in yi haƙuri wani uzuri ya taso. Na shiga ɗaki na kira, a na uku ya ɗauka.

Ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗa. Hajiya ta sa an bincika kamar yadda ake yi, jiya aka kawo mata bayani. An ce mata mahaifina mutumin kirki ne, duk kasuwar an san shi.

“Ta ce ita kifin bai dame ta ba. Ta ce sau biyu ta tambaye ki.”



Sai ya ƙara da cewa, “Ni ma ina tsaye a wajen.”

Ban roƙe shi ba, ban kuma yi kuka a lokacin ba. Na ce na gode na kashe wayar. Abin da ya fi tsaya mini ba shi ba ne, yadda zan taka daga ɗakin nan zuwa zaure ne.

Baba yana nan yadda na bar shi, ya miƙe ƙafa a sabuwar tabarma, carbi a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

“Baba, ba za su samu zuwa ba.”

“To. Allah ya sa haka ne ya fi alheri.”

Bai tambaye ni dalili ba. Ya dubi hannuwansa da suka yi fari-fari saboda toka, ya juya su. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

“Uwata, to yanzu in hura, ko za su zo gobe?”

Mutum a gidansa, da wutarsa, da sana'ar da ya biya mini makaranta da ita, yana neman izinina. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ta wajen dina wasa ce.

Na ce, “Ka hura, Baba.”

Ya tashi ya shiga ciki ya cire shaddar ya ninke, ya fito da tsohuwar rigarsa ta aiki. Na bi shi bayan gida da abayata ina miƙa masa itace. Itacen ya ja danshi, sai da ya yi ta fifitawa kafin ta kama, hayaƙi ya turnuƙe mu duka biyun. Yana tsugune yana gyara wutar, bai ɗago ba, ya ce:

“Kwalinki na wannan watan zai ɗan makara. Ki yi haƙuri.”

Na ce ba komai, Baba. Bai san shekara biyu matar maigadi ce take cinye shi ba, ni kuma har yau ban gaya masa ba.